Zariya, Birnin Ilimi a Gaɓar Kubanni: Jagora ga Ɗalibai da Iyayensu

Duk shekara, da zarar manyan makarantu sun fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, iyaye da yawa a Kano da Katsina da Sakkwato da Abuja, har ma da Maraɗi da Damagaram, sukan shiga tambayar yadda Zariya take. Tambayar ta ƙara nauyi tun bayan faɗuwar darajar Naira a 2023, wadda ta sa 'yan kasuwa da ma'aikata da dama suka jingine niyyar tura 'ya'yansu karatu Masar ko Indiya ko Ingila, suka waiwayo gida. Mafi yawansu daga cikin mota suka san garin, a kan hanyarsu tsakanin Kaduna da Kano: a ga gadar Kwangila, a sayi rake ko gasasshiyar masara, a wuce. Wanda zai yi shekara huɗu ko biyar a wurin yana bukatar sanin da ya fi wannan.

Abin da ake kira Zariya a dunƙule garuruwa ne da dama da suka girma har suka haɗe, kowanne da zamanin da aka kafa shi da dalilin kafa shi. Akwai tsohon birni mai ganuwa, akwai Tudun Wada da unguwannin da ke jingine da ita irin su Tudun Jukun da Gyallesu, akwai Sabon Gari, akwai Samaru, akwai kuma Wusasa. Ɗalibin da bai fahimci wannan shimfiɗa ba yana iya kama ɗaki a inda kuɗin mota zai cinye masa kuɗin abinci, ko ya gama karatu bai taɓa taka ƙofar fadar Zazzau ba.

Kogin da ya ratsa gari

Zariya tana arewacin Jihar Kaduna, kimanin kilomita 80 daga birnin Kaduna, da kimanin 150 daga Kano. Tana kan tudu mai tsayin sama da mita 600 daga doron teku, shi ya sa zafinta bai kai na Sakkwato ko Maiduguri ba. Koguna biyu ne suka tsara zamanta. Babban shi ne Galma, wanda yake bi ta gabashin gari ya je ya zuba a Kogin Kaduna. Ƙaramin, wanda ɗalibi zai fi sani, shi ne Kubanni.

Kubanni yana tasowa daga wajen Shika, a arewa maso yammacin gari. Yana shiga harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, inda aka datse shi a farkon shekarun 1970 aka yi madatsar da jami'a take shan ruwa. Daga nan ya gangaro kudu maso gabas, ya raba Sabon Gari da Tudun Wada, kafin ya faɗa Galma. Ba wani makeken kogi ba ne. Da rani yakan ƙafe har ya zama 'yan kududdufai, masu lambu su bi gaɓarsa da tumatir da latas da kabeji da alayyafo. Da damina kuwa yakan cika ya yi ja, wani lokaci ya shiga gidajen da aka gina a bakinsa. Duk da ƙanƙantarsa, wanda ya riƙe shi a ka ba zai ɓata a Zariya ba, domin kusan duk makarantun garin ana iya kwatanta su da inda suke daga gare shi. Samaru tana samansa. Sabon Gari da Bariki suna hayin arewa. Tudun Wada da Kongo da birni suna hayin kudu. Gadar Kubanni, wadda ta haɗa unguwar PZ da Tudun Wada, ita ce mahaɗar ɓangarorin biyu.

Mulkin garin ma haka yake a rabe. Birni da Tudun Wada da Wusasa suna Ƙaramar Hukumar Zariya, Samaru da Sabon Gari suna Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, asibitin koyarwa na Shika kuwa yana Ƙaramar Hukumar Giwa. Dukansu suna ƙarƙashin Masarautar Zazzau.

Cikin ganuwa

Zazzau ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma ita ce ta fi kusa da kudu, abin da ya sa ta zama ƙofar fatauci tsakanin Kano da Katsina da ƙasashen Nufe da Gwari da Kwararrafa. Tarihin baka yana danganta ƙarfinta da Bakwa Turunku, wanda ake sa zamaninsa a ƙarni na 16, da 'ya'ya mata biyu: Amina, wadda ta shahara da yaƙi, da Zariya, wadda aka ce sunanta birnin ya ci. Masana sun yi saɓani a kan zamanin Amina, domin littafin tarihin sarakunan Kano ya sa ta a ƙarni na 15, wasu kuma suka ce na 16. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne girman sunanta: har yau ana kiran tsofaffin ganuwoyi da yawa a ƙasar Hausa da sunan ganuwar Amina, kuma babban ɗakin kwanan ɗalibai mata a Samaru sunanta yake ɗauke da shi.

Ganuwar birnin ta kai kimanin kilomita 15 a kewaye. Ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gini sun ci mafi yawanta, amma ƙofofin suna nan da sunayensu: Doka, Kibo, Jatau, Kuyambana, Gayan, Kona, Galadima da Bai. Wanda ya fito daga Tudun Wada ta Ƙofar Doka yake shiga.

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Musa ya ci birnin wajen shekarar 1808. Sarki Makau ya fice da jama'arsa ya yi kudu, kuma ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yanzu ake kira Suleja bayan da babban birnin tarayya ya karɓi sunan. Ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Abuja yau, yana zaune ne a garin da sunansa ya samo asali daga rikicin sarautar Zazzau. Daga zamanin Malam Musa sarauta ta riƙa zagayawa tsakanin gidaje huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Wannan tsari ya bambanta Zazzau da Kano ko Katsina, kuma shi ya sa naɗin sarki a Zariya yakan zo da ja-in-ja mai tsawo. Marigayi Alhaji Shehu Idris, daga gidan Katsinawa, ya yi shekara 45 a kan karaga, daga 1975 zuwa rasuwarsa a watan Satumba na 2020. Wanda ya gaje shi, Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli, shi ne na farko daga gidan Mallawa cikin shekara ɗari.

A gaban fada babban masallacin Juma'a yake. An gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830, kuma maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Masu nazarin gine-gine a duniya sun daɗe suna kawo shi a matsayin ƙololuwar ginin ƙasa na Hausawa, saboda bakan gizo da azara da ya ɗaure rufin da su. A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon ginin da na zamani. A watan Agusta na 2023 wani sashe nasa ya rufta ana cikin sallar La'asar, mutane suka rasu, aka shiga aikin sake gini. Unguwar Babban Gwani tana nan a birni, kuma ɗalibin zanen gine-gine da ya zaga lungunan da ke kewaye da fada zai ga sauran zaurukan da aka yi wa ado da zanen dagi da zanko a kan soro, waɗanda suke raguwa shekara bayan shekara a gaban bulo da kwano.

Tun kafin a san boko, almajirai suke zuwa Zazzau neman ilimi. Birnin ya yi suna musamman a fannin nahawu da lugga, har ya zama malamin da ya gama fiƙihu a wani gari yakan zo Zariya ya gyara Larabcinsa. Unguwannin Juma da Kona suna cikin waɗanda aka sani da zaurukan karatu, kuma har gobe ana zama a wasu daga cikinsu bayan Asuba da bayan Magariba. Ɗaliban jami'a da dama sukan haɗa biyun, lacca da rana, littafi a gaban malam da dare, ba tare da biyan ko sisi ba. Wannan wata riba ce da ba a rubuta ta a takardar shiga makaranta.

Reluwe da sababbin unguwanni

Turawan Ingila sun shiga Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, suka naɗa Aliyu ɗan Sidi, sarki mawaƙi, wanda shi ma suka tuɓe shi a 1920 suka kai shi Lakwaja. Abin da ya fi sauya fuskar garin shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo da ya isa Kano a 1911 ta Zariya ya bi, daga baya aka ja wani reshe zuwa ma'adinan kuza na Jos, wani kuma zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Garin ya zama mararraba, aka kafa injin gurzar auduga, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna. Unguwar PZ sunan ɗaya daga cikin kamfanonin ta gada.

Turawa ba su so baƙi su cuɗanya da mutanen birni. Suka ware Sabon Gari ga ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu, suka keɓe wa kansu Bariki, sannan a tsakanin Ƙofar Doka da Kubanni aka yanka Tudun Wada domin 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin birni ba. Dokar ta daɗe da mutuwa, amma sawunta yana nan. Sabon Gari ce cibiyar kasuwanci, mai Yarbawa da Ibo da Hausawa a layi ɗaya, kuma a can Hajiya Gambo Sawaba, 'yar gwagwarmayar jam'iyyar NEPU, ta yi rayuwarta. Tudun Wada kuwa ta zama unguwar malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na En'e, mutanen da suka zo daga Katsina da Bauci da Bida da Borno suka zauna suka hayayyafa.

Tudun Jukun da Gaskiya

A gefen Tudun Wada akwai wani yanki da ya ƙunshi Tudun Jukun da Tukur-Tukur da Gaskiya. Baƙo zai gan shi unguwa ce kamar kowace: gidajen haya, shagunan ɗinki, masu shayi, yara 'yan Islamiyya da yamma. Amma duk wanda yake karanta Hausa da haruffan boko yana da alaƙa da wannan yanki, ko ya sani ko bai sani ba.

A farkon shekarun 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta zaunar da Hukumar Fassara a Zariya, wadda ta koma Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta Rupert East. Ita ce ta shirya gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A Zariya Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. A watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Imam yana editanta, kuma a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya da maɗaba'arsa. Daga wannan harabar hukumar NORLA ta yi aikin buga littattafai da ƙananan jaridun larduna na yaƙi da jahilci a shekarun 1950, kuma a nan kamfanin buga littattafai na NNPC, wanda aka kafa a 1966, ya zauna. Ƙa'idojin rubutun da ake bi yau, har da haruffa masu lanƙwasa, a ofisoshin nan aka daidaita mafi yawansu. Sunan kamfanin ne ya bi hanyar da unguwar.

Jarida takan jawo siyasa. Matasan da suka taru a Zariya a wancan zamani, malamai da akawuna da ma'aikatan lafiya, su ne suka fara ƙungiyoyin tattaunawa, kuma tarurrukan da aka yi a Zariya da Kaduna a 1948 su suka haifar da Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda Dokta R. A. B. Dikko ya zama shugabanta na farko.

A wannan yanki ne kuma Kwalejin Barewa take. An kafa ta a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta sauka Zariya a 1949. Idan aka haɗa zamananta uku, ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammed da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Babu wata sakandare a Najeriya da za ta jera irin waɗannan sunaye. Tsofaffin ɗalibanta sukan yi kukan cewa gine-ginenta ba su dace da tarihinta ba, kuka ne da makarantun gwamnati da yawa suka yi tarayya a cikinsa. A cikin birni kuma akwai Kwalejin Alhudahuda, wadda asalinta ya koma 1910.

Ga ɗalibi, amfanin Tudun Jukun na yau a fili yake. Tana kusa da Kongo da tsohon asibitin koyarwa na Tudun Wada da kasuwar Tudun Wada, ga birni a gefe ɗaya, ga Sabon Gari a hayin kogi. Wanda yake karatu a ɓangaren kudu na gari zai iya zama a nan ya rage kuɗin mota ƙwarai. Wanda yake karatu a Samaru kuwa, nisan zai gajiyar da shi.

Samaru, Kongo da sauran makarantu

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda kowa ya fi sani da ABU, ta buɗe ranar 4 ga Oktoba, 1962, da tsangayoyi huɗu da ɗalibai 426. Ba daga fili aka fara ta ba. An haɗa cibiyoyin da suka riga ta ne: reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, da tashar binciken aikin gona ta Samaru wadda ta faro tun 1922, da Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, da gonar binciken dabbobi ta Shika, da wata kwaleji a Kano wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero. Shugabanta na farko, Norman Alexander, mutumin New Zealand ne; Farfesa Ishaya Audu ya karɓa a 1966. Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1975.

Wannan tarihi ne ya sa jami'ar take a warwatse, kuma nan ne sababbin ɗalibai suka fi yin kuskure. Babbar haraba tana Samaru, a kan hanyar Funtuwa da Sakkwato, fiye da kilomita 10 daga birni. A can ake kimiyya da injiniyanci da aikin gona da likitancin dabbobi da ilimi da harsuna da zanen gine-gine, kuma a can Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim yake. Shari'a da aikin mulki suna Kongo, kusa da Tudun Wada. Masu karatun likita kuwa, bayan shekarun farko, asibitin Shika suke komawa. Uban da aka ce masa ɗansa ya samu ABU, tambayar farko da ta kamace shi ita ce: wace haraba?

Samaru tana da nata tarihin da ya wuce takardar digiri. A 1958 wasu ɗaliban zane, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta bijire wa koyarwar Turawa zalla, ta nemi a koma ga zanen gargajiya. Daga nan aka samu wani babban reshe na zanen zamani a Najeriya. Sashen tarihi, a zamanin Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, ya sauya yadda ake rubuta tarihin Arewa, ya kuma sa jami'ar ta yi suna da zafin muhawara. Akwai dandalin wasan kwaikwayo da aka gina da jar ƙasa a shekarun 1970 bisa fasalin zaurukan Hausawa. Akwai cibiyar binciken makamashi, inda injin nukiliya na bincike na farko a Najeriya ya fara aiki a 2004. Jami'ar ta ba Alhaji Aliyu Namangi, makahon mawaƙin Zariya mai Imfiraji, digirin girmamawa, ta kuma ba Alhaji Mamman Shata a 1988. Har ƙwallon kwando tana da gindi a nan: Masai Ujiri, wanda ƙungiyar Toronto ta ci kofin NBA a ƙarƙashin jagorancinsa a 2019, a Zariya ya tashi.

Wanda bai samu ABU ba, garin bai rufe masa ƙofa ba. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya a gefen Kongo da Gyallesu, wadda aka kafa a 1962 aka kuma ɗaga ta zuwa jami'ar ilimi a 'yan shekarun nan. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, mallakar Jihar Kaduna. A Palladan akwai kwalejin horar da matuƙa jiragen sama da injiniyoyinsu, tun 1964, kuma ƙananan jiragenta ne ake jin ƙararsu a saman Samaru da safe. A Basawa akwai cibiyar koyon fasahar sufuri, a Samaru akwai ta sarrafa fata da ƙirgi. Sojoji ma suna da nasu: barikin horar da kurata, da makarantar sakandaren soja da aka fara a 1954.

Wusasa da Kufena

A yammacin birni, a gindin dutsen Kufena, ƙaramin garin Wusasa yake. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya fara zama a cikin birni a farkon ƙarni na 20, sannan mishan ta koma Wusasa a 1929. Cocin Saint Bartholomew da aka gina a lokacin da ƙasa da azara aka yi shi, da hannun magina Hausawa, kuma yana nan a tsaye. Daga Wusasa Dokta Dikko, likitan farko daga Arewa, ya fito, a nan kuma Janar Gowon ya girma. Ɗalibi Kirista Bahaushe, ko wanda ya zo daga kudancin Kaduna ko Filato, zai ga cewa tarihinsa ma yana da gida a Zazzau.

Dutsen Kufena kansa wurin hawa ne a ranar hutu. A kewayensa akwai ragowar ganuwar da ta girmi ta birnin yanzu, kuma daga samansa ana hango garin gaba ɗaya, da korayen layin itatuwan da ke nuna inda rafuka suka bi.

Mutane da al'ada

Bazazzagi ana gane shi da baki. Karin harshen Zazzau bai cika damuwa da bambanta namiji da mace a nahawu ba, sai a ji an ce "mota ne" ko "yarinyan", abin da Kanawa, abokan wasan Zage-zagi, ba sa gajiya da tsokana a kai. Ɗan Kano da ya zo karatu ya shirya wa ramuwa. A harabar Samaru kuwa Hausa da Turanci da Turancin buroka a cakuɗe suke, domin kusan babu jihar da ba ta da ƙungiyar ɗalibanta a can.

Sana'ar da birnin ya fi shahara da ita ita ce ɗinkin hannu na babbar riga, irin su aska takwas da aska biyu, wanda maza da mata suke yi a zaure da cikin gida, riga ɗaya ta ci makonni ko watanni. Ɗan kasuwan da ya kawo ɗansa rajista zai iya komawa da kaya. Lokacin Sallah ƙarama da babba ana hawa na kwanaki, har da Hawan Bariki da Hawan Daushe, hakimai da 'yan lifida da 'yan bindiga su cika ƙofar fada. Ɗalibai da yawa suna tafiya gida hutun Sallah, shi ya sa wasu suke gama karatu ba su ga hawan Zazzau ko sau ɗaya ba, alhali baƙi suna zuwa daga ƙasashen waje domin shi.

Masauki, ruwa da tsaro

Ɗakunan kwanan makarantu ba su isar ɗalibai. A Samaru akwai Amina da Ribadu da Sulaiman da Akenzuwa da Ɗanfodiyo da sauransu, amma wanda bai samu gado ba dole ya nemi haya a cikin Samaru ko Hayin Dogo ko Zango ko Palladan. Na Kongo da kwalejin ilimi sukan bazu a Gyallesu da Tudun Wada da Tudun Jukun. Kuɗin haya na shekara ake biya gaba ɗaya, kuma yana tashi gwargwadon kusancin gida da ƙofar makaranta. Kada a biya dillali kafin a ga ɗakin da ido, a kuma san mai gidan. Bas da Keke Napep da acaɓa su ne abin hawa, kuma kusan duk wanda zai tashi daga Samaru zuwa Sabon Gari ko Tudun Wada sai ya bi ta Kwangila.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci wajen kama ɗaki ita ce ta ruwa. Garin da koguna biyu suka ratsa ya shafe shekaru masu yawa yana fama da ƙarancin ruwan famfo, har maganar ta zama abin kamfe a kowane zaɓe. An yi madatsa a saman Galma, an kuma ƙaddamar da sabuwar matatar ruwa mai ƙarfin lita miliyan 150 a rana a 2017, amma unguwanni da yawa har yanzu da rijiya da burtsatse da 'yan garuwa suka dogara. Gidan da rijiyarsa take da ruwa a watan Oktoba, yana iya zama busasshe a watan Afrilu. Maƙwabta za su faɗi gaskiyar da dillali ba zai faɗa ba. A guji kuma ɗaki mai arha a bakin Kubanni, saboda ambaliya da sauro.

Damina tana farawa wajen Mayu ta ƙare a Oktoba. Sanyin hunturu a Disamba da Janairu yana da ƙarfi, musamman a Samaru da asuba, don haka bargo da rigar sanyi ba kayan ado ba ne. Maris da Afrilu su ne watannin zafi.

Batun tsaro ba a ɓoye shi. A watan Disamba na 2015 an yi arangama tsakanin sojoji da mabiya Harkar Musulunci ta Shaikh Ibrahim Zakzaky, wadda kwamitin binciken gwamnatin jiha ya ce ta ci rayuka sama da 300, kuma Gyallesu na cikin inda abin ya faru. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga sun shiga harabar Kwalejin Nuhu Bamalli da ke bakin hanyar Kaduna suka sace ɗalibai da malamai. Unguwannin tsakiyar gari sun fi na gefe kwanciyar hankali, kuma tafiyar dare a hanyoyin Kaduna da Funtuwa da Birnin Gwari abin kaucewa ce.

Sai lissafin lokaci. Yajin aikin malaman jami'o'in tarayya ya ci kusan wata tara a 2020, ya kuma ci wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗaliban da suka shiga karatun shekara huɗu a wancan lokaci sun yi biyar ko fiye, masu gidajen haya kuwa ba su daina ƙirga watanni ba. Mai tsara kuɗin karatun ɗansa a Zariya ya kamata ya ware na ƙarin shekara ɗaya a gefe, ya kuma nemi a rubuta a takardar haya abin da zai faru idan makaranta ta rufe.